Safar Hannu Mai Yatsu Shida

Yau wani baƙo ne ke jifa a filin besbol ɗinmu na bayan gonar rake a Canlubang. Siriri ne, furfura ta fara masa, ga tabon ɗinki a kafaɗar dama. Safar hannunsa yatsu shida gare ta, kowane hannu tana shiga. An ce in ya fitar da Gardo, gwanin bugunmu, ƙungiya za ta ɗauke shi.

Gardo ma ta kowane ɓangare yana bugu. Baƙo na sauya hannu, Gardo na tsallakewa ɗaya ɓangaren.

"Rawa muka zo kallo?" in ji mai gasa masara.

Alƙalin wasa ya kira baƙon yadda muke kiran babba, ya ce, "Manong, mai jifa ke fara zaɓa. In ka zaɓa, ba sauyi."

Baƙon yana shafa tabon. Ni dai ina jin ya yi shekaru yana jifan bango da hagu, shi kaɗai. Ya ɗaga hagun.

Gardo ya ce, "Hagu, Manong? Ka tabbata?"

"Ita ce yarinya, ba ta gaji ba."

Ƙwallo ta wuce, sandar Gardo ta daki iska. Mai masara ta manta da fifita, masararta na ƙonewa.