Turɓayar da ke Aljihun Kofur

Ban taɓa mantawa da ranar Larabar da wata tsohuwa ta tambaye ni abin da ke cikin aljihun mahaifinta ba. Watana uku ke nan da kama aiki a wani ƙaramin gidan tarihi a wajen Washington, wanda aka kafa don tunawa da sojojin Poland da suka yi yaƙin duniya na biyu a ƙasashen waje, da yawansu ba su sake ganin gida ba. Ni ce ƙaramar mataimakiya a sashen adana kaya, ba a ma tabbatar da ni ba tukuna.

Ga tsarin, don ku sababbin ma'aikata. Idan aka kawo kaya, a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa, a sa a firiza don ƙwari su mutu, sannan a share da buroshi mai laushi da ƙaramin injin zuƙar ƙura. Ni kuwa, don tsoron kuskure, kowane kaya sai na sa wa injin sabuwar jaka, in na gama in rubuta lamba a jiki in ajiye a durowa. Shugabarmu, Madam Barbara, takan ce, "Hadiza, har ƙura ma sai kin yi mata rajista?"

Kayan da nake magana a kai kwat ne na wani kofur, 'yarsa Madam Halina ta kawo. A aljihun ƙirji na tarar da wani ruɓaɓɓen tsumma da turɓaya kamar cokali biyu. Na duba takardar karɓa, ba a ambaci komai ba. Na ce datti ne, na zuƙe.

Bayan mako guda Madam Halina ta dawo, tana dogara sanda, Madam Barbara na riƙe da hannunta.

"'Yata, kin ga ƙullin?"

"Wane ƙulli, Mama?"

"Na aljihun hagu. Turɓayar gonarsu ce, kakata ta ƙulla masa ranar da aka tafi da shi. Ya kai ta Iran, ya kai ta Italiya, ya zo da ita nan. Ya ce a zuba masa a kabari, ni kuma na kasa rabuwa da ita."

Da na ce ban gani ba, ina jin ba mai ƙaryata ni. Na tuna takardar tabbatarwata tana kan teburin Madam Barbara, ba sa hannu. Duk da haka na buɗe baki.

"Wataƙila... a'a, ba wataƙila ba. Ni na zuƙe ta, Mama."

Madam Barbara ta runtse ido. "Kuma ranar Litinin na ce ki zubar da jakunkunan nan."

"Kin ce, Madam. Ban samu zuciyar zubarwa ba tukuna."

Na jawo durowar. Sau uku na karanta lambar kafin na yarda ita ce. Muka shimfiɗa farar takarda, muka tankaɗe da rariyar shayin ofis. Abin da ya fito bai kai yadda na gani ba, ga gashin ulu ya cakuɗa da shi. Na shiga ba da haƙuri, tsohuwar ta ɗaga mini hannu. Ta dangwala yatsa ta shinshina.

"Ta sha gumin Baba shekara da shekaru. Gashin kwat ɗinsa ba baƙo ba ne gare ta."

Ta raba biyu. Rabi ta bar mana, rabi ta ƙulle a hankicinta ta ce gobe za ta maƙabarta, ta daɗe tana riƙe wa tsohon nan kayansa.

Ba a kore ni ba. Amma tun daga ranar, takardar karɓa tana da sabuwar tambaya ga mai kawo kaya: akwai wani abu a ciki da bai kamata a share ba? Ni dai a iya ganina, a wannan aiki buroshi ya fi ƙwari haɗari. In kun ga datti a aljihun mamaci, ku ajiye shi ku kira 'ya'yansa.