Kwanon Mai Shayarwa

Na daɗe da aure ban taɓa ganin matata tana cin abinci ba. A ƙauyenmu da ke ƙasar Taba wannan ba abin mamaki ba ne a lokacin. Maza a zaure muke ci, ko a gona, mata kuma can cikin gida. In na faɗo ba sallama na tarar da loma a hannunta, sai ta ja faifai ta rufe kwanon, ta goge baki da gefen zane, ta ce mini sannu da zuwa. Ni kuwa daɗi nake ji a raina, na auri mai kunya.

Gandu muke yi, ni da Baba da ƙannena biyu da ba su yi aure ba. Innarmu ta rasu kafin a kawo mini amarya, saboda haka matata ce kaɗai mace a gidan. Da cikinta na fari ya tsufa, ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Nasarawan Doya, ta haifi 'ya mace ana tsakiyar zafin bazara. Na yi abin da ake yi. Na kai ragon suna, na kai ƙafafun sa na ƙauri, da kayan yaji, da itacen wanka. Duk zuwan da na yi, gidan ƙamshin gasasshen nama yake, ga kunu ba ya yankewa, ga tuwo da man shanu. Da ta yi arba'in aka dawo mini da ita tana sheƙi, jaririyar ma ɓul-ɓul. A tunanina jego ya ƙare ke nan, na sauke nauyin da ke kaina.

Dawowarta ta zo daidai da saukar damina. Ga shuka, ga noman farko, ga rake a fadama yana jira, har sai da muka ɗauki 'yan ƙodago. Duk bakunan nan tukunya ɗaya ke ciyar da su. Ita ce surfe, ita ce daka, ita ce rijiya, da goyo a baya. Kullum kwanukanmu cike suke isowa gona, mu kuma mu mayar da su a suɗe.

Sai yarinya ta fara kuka. Ta kama nono ta ja, ta ja, ta saki, ta canyara ihu. Cinyoyin nan masu ninki suka saki, wuya ya yi siriri, kai ya yi mata girma. Na karɓo rubutu. Na je kemis na sayo maganin ciwon ciki na jarirai. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce nonon ne ya lalace, a cire ta a sa mata koko. Yarinyar ko zama ba ta fara ba, kuma duk mun san inda irin wannan yaye yake kai jariri. Amma kuka ya ishe ni, na kusa yarda.

Uwar ma na ga ƙashin wuyanta ya fito, na ce rashin barci ne. In na tambaye ta, "Ke, lafiya kuwa?" sai ta ce, "Lafiya lau, Malam." Ni kuma in wuce.

Ana cikin haka taubashiyata ta zo barka. 'Yar kawuna ce, ta girme ni, tana aure a Dandamisa, ta raini 'ya'ya da dama. Jinyar mijinta ce ta hana ta zuwa suna. Tun muna yara ba ta kirana da komai sai bawa, tunda ita 'yar namiji ce ni ɗan mace, kuma babu abin da ba ta iya faɗa mini a gaban kowa.

Tun daga ƙofar zaure ta fara.

"Bawa, ashe kana da rai? Wannan tumbi fa? Kai ka haihu ko ita?"

"Ke dai har yanzu ba ki yi hankali ba," na ce. "Barka bayan an kusa yaye?"

"Ka ci gidanku. Karɓi kayan nan, ba ka ga uwargijiyarka da kaya a ka ba?"

Ta shiga ciki tana dariya. Da na shiga bayan sallar la'asar, na tarar da ita zaune da yarinyar a cinya, tana jujjuya ɗan hannunta, dariyar ta ɗauke. Ta dai ce za ta kwana biyu.

Washegari da rana ita ta kawo mana abinci gona. Muna gindin ɗorawa, ta sauke daro, ta durƙusa ta ajiye wa Baba kwanonsa, ta ba ƙannena nasu, ta ba 'yan ƙodago ƙwaryarsu. Tuwon masara ne da miyar kuɓewa. Ni sai ta miƙo mini wani ɗan kwano da murfi. Na buɗe. Ƙanzo ne aka jiƙa da ruwa, da ɗan shafin miya a gefe, duka bai cika tafin hannu ba.

"Ke, na kaji kika ɗauko?"

"Naka ne. Ci."

"Ina kwanona?"

"Kwanonka yana cikin matarka. Na tsaya a kanta sai da ta ga ƙarshensa, tana ci tana hawaye. Wannan shi ne nata. Jiya ma shi na ga ta ci, kuma na matsa mata ta faɗa mini tun yaushe. Ci ka koma bakin aiki, mu ga ko za ka kai la'asar a tsaye."

'Yan ƙodago suka fara dariya, suna tsammanin wasan taubasai ne.

"Da safe na gan ka," ta ci gaba, "kana dama wa akuyar nan mai 'ya'ya biyu dusa, har da lallashi. Wa ya koya maka? Ashe ka san mai shayarwa ci take yi. Ko sai mai ƙafa huɗu?"

Baba ya riga ya wanke hannu. Ya dubi tuwonsa, ya mayar da murfi ya rufe, ya tura mata kwanon.

"Mai da wannan gida."

"Baba, ai ta ci," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"A ajiye mata na anjima."

Ya juya ya dubi masara. Can ya ce, "Da uwarku tana nan da ba a yi haka ba. Ni ma na ci, ban tambaya ba."

Na cinye ƙanzon nan, don taubashiyata ba ta matsa daga kaina ba. Kafin la'asar fartanya ta gagare ni ɗagawa. Yini ɗaya ke nan, kuma babu mai tsotsona.

Daga baya na gane yadda abin ya faru. Baba ne ke fitar da awo daga rumbu, kuma awon da ya saba fitarwa shi yake fitarwa, ga shi an ƙaru da 'yan ƙodago. Matata kuwa yarinya ce, babu uwar miji da za ta raɗa wa cewa hatsi ba ya isa, kuma ba za ta iya aika wa surukinta kwano da rami ba. Sai ta cika na kowa, ta kankare tukunya. Aiki kuma bai bar ta ta zauna ta ba da nono a natse ba, sai dai a tsaye, tsakanin turmi da murhu.

A ranar Baba ya ƙara awo. Ya kuma aiko ni da saƙo, tunda shi ba ya magana da ita kai tsaye: daga yau a fara zuba wa uwar yarinya kafin kowa. Da na faɗa mata sai ta rufe fuska.

"Ina ni ina zuba wa kaina kafin Baba? Wallahi ba zan iya ba."

"To, bawa," in ji taubashiyata, "sai ka zauna ka ga ta ci da idonka. In ka bar wa kunyarta, gobe ma ƙanzo ne."

Haka na ɗauki kwanona daga zaure na shiga ɗaki da shi. Ƙannena har da tari na ƙarya. Na zauna a bakin tabarma, ita ta juya ta fuskanci bango, kwano a gabanta, ta ƙi taɓawa.

"Ke, ci mana."

"Ka fita tukuna."

"An ce in gani."

"To ka daina kallona."

Na juya ni ma na fuskanci ƙofa. Muka ci abinci baya da baya kamar masu gaba, ina jin ƙarar kwanonta ina ƙidaya lomominta. Daga tsakar gida taubashiyata tana jijjiga yarinya tana cewa, "Kin ga iyayenki, wawaye biyu."

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, duk abin da ake bukata yana gidan. Damina ce, zabina suna ta ƙwai, ni kuma ina tarawa ina kaiwa kasuwar Makarfi. Akwai ragowar waken soya da gyaɗa a rumbu. Zogale yana bayan ɗaki har ya fi katanga, rama ta cika gefen gona. Taubashiyata ta soya waken da gyaɗar, aka niƙa da gero, ya zama garin kunun safe da na yamma. Ta kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli. Ta hana ƙwai fita daga gidan. Baba ya taka da kansa zuwa rugar wani Bafulatani da shanunsa ke kwana a gonarmu da rani, daga nan matarsa ta riƙa biyowa da nono da safe. Hatsi muka koma kai shi inji, ƙanena ya karɓi ɗiban ruwa a keke. Aka ajiye mata tulu a bakin ƙofa, duk sa'ad da ta zauna ba da nono ta sha ruwa.

"Kuma duk wanda ya sake kawo zancen koko a gidan nan," in ji taubashiyata ranar da za ta tafi, "ka aiko mini. Har tsohuwar."

Sauƙi bai zo da wuri ba. Bayan tafiyarta yarinya ta ci gaba da kuka, har na fara cewa ko mun makara. Na ɗauke su a babur zuwa asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba su ta ja fatar idon uwar ta leƙa, ta ce jininta ya yi ƙasa, ta ba da ƙwayoyin ƙarin jini. Ta ce kada a kuskura a cire yarinya, a bar ta ta sha duk lokacin da ta nema, tsotson ne ke kiran nono. Muka dawo muka ci gaba.

Wata rana da hantsi ƙotar fartanyata ta karye, na dawo gida ɗaukar wata. Tun daga zaure na ji gidan shiru. Na saba tun daga nan nake jin kukan, sai na yar da karyayyar fartanyar na shiga da gudu. Suna gindin zogale a kan tabarma. Yarinya ta yi barci a cinyar uwarta, baki buɗe, farin nono yana gangarowa ta gefen kumatu har cikin kunne. Gaban rigar uwar ya jiƙe. A gefenta ga kwanon kwaɗo, tana ci a hankali. Ta ɗago ta gan ni, ta ɗora yatsa a baki kada in tashe ta, ta ci gaba da cin abincinta.

Da kaka taubashiyata ta sake biyowa. Ta sunkuya ta ɗauki yarinyar, sai ta dafe ƙugu.

"Wayyo bayana! Wannan buhun masara aka aje a hanya?"

Na tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba. Na fara cewa ban san da bakin da zan gode mata ba.

"Tashi, bawa, kada ka ɓata mini wasa," ta ce. "Je ka karyo mini rake, mai zaƙi, ba irin na bara ba."

Na je fadama na zaɓo mata da hannuna. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Baba, Ya saka musu da Aljanna.