Rijiyar Alhaji da Madubin Likita

Ruwan da aka tafasa a murhun itace yana da wani ɗanɗano nasa, na hayaƙi da tsohuwar tukunya. Kwanan baya na je barka wani ƙauye a hanyar Ringim, aka kawo mini irinsa a kofin silba. Kurɓa ɗaya na yi na ajiye. Matar gidan ta zaci raina mata ruwa na yi. Ba ta san wata damina ya tuna mini ba, lokacin ina 'yar shekara goma, a gidanmu na tsohon garin Dutse, a gindin duwatsu.

Gidan kakana ne, mahaifin babanmu. Alhaji muke ce masa, shi kuma uwargida yake kirana saboda wasan jika da kaka. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, an tura shi Ringim, sai ranar Juma'a muke ganinsa. A tsakar gidan akwai dabino biyu da rijiya. Alhaji ne ya haƙa ta tun yana da ƙarfinsa, shekarar da ya rabu da kiwo ya zauna a gari, kuma bai taɓa hana kowa ɗiba ba. Tun da sassafe za ka ji guga yana bugun bakinta, matan unguwa da 'ya'yansu suna shiga suna fita. Cikin masu zuwa kullum har da ƙawata, 'yar maƙwabcinmu mai gyaran keke. Ajinmu ɗaya. Ni nake ja mata guga, ita kuma ta yi mini kitso ran Asabar.

A shekarar ne Amurka ta shiga Iraƙi da yaƙi. Bayan la'asar Alhaji kan shimfiɗa buzunsa a zaure, abokansa dattawa su kewaye rediyo. Ni ce mai kai musu ruwa a kwanon sha, sai in laɓe a bayan ƙyaure ina saurare. A nan na fara jin ana cewa makamai masu guba. A nan na ji wani dattijo yana rantsuwa cewa Turawa suna kiwon cuta a kwalba kamar yadda ake kiwon kaji, har su kan sa ta a ambulan su aika wa wanda suka ga dama. Ba a jima da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, don haka dattawan suka ce tabbas mu ma an sa mana ido. Daga ranar, ko wasiƙa aka aiko wa babanmu ba na yarda in karɓa da hannuna.

Akwai mutum ɗaya a gidan da nake ganin zai san gaskiyar maganar, wato Baffa, autan Alhaji. Yana jami'a a Kano yana karatun ƙananan halittu, amma malamansu sun tafi yajin aiki, ya dawo gida ya yi wata da watanni. Farar rigarsa ta ɗakin gwaji tana rataye a ƙusa, ya kan wanke ta ko da ba ta yi datti ba. Ya kan ba mu labarin yadda su takwas suke kwana a ɗakin mutum huɗu, da yadda ake sammako a kama kujera kafin malami ya shigo. Abokan Alhaji kuwa likitan da ba ya allura suke ce masa.

Wata rana yana wanki na tsuguna kusa da shi.

"Baffa, wai da gaske ana sa cuta a kwalba?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke, ba sai Bature ya aiko ba. Gobe ki ɗebo ruwan rijiyar nan a kwalbar magani, in nuna miki wani abu."

Washegari ya goya ni a keke zuwa wata sakandare inda abokinsa yake koyarwa. Aka buɗe mana wani ɗaki mai warin sinadari, aka fito da madubin likita daga akwatin katako. Baffa ya ɗiga ruwan a kan ɗan gilashi, ya yi ta murza wani abu, sannan ya ɗaga ni ya ce in rufe ido ɗaya. Da farko haske kawai na gani. Can sai wani abu mai kamar silifa ya gilma, gefensa duk gashi yana kaɗawa. Wani ya biyo shi yana juyi. Wani siriri yana lanƙwasa kamar tana. A cikin ɗigo ɗaya fa, wanda bai kai hawaye ba.

Ban yi ihu ba. Baffa yana ta bayani cikin murna, ni kuwa lissafin kofunan da na sha tun da aka haife ni nake yi. A hanyar dawowa ya ce mini yawancin waɗanda na gani ba sa cutarwa, mugayen sun fi su ƙanƙanta, wannan madubin ma da ƙyar ya nuna su. Yana ganin kwantar mini da hankali yake yi. Bai san ya ƙara mini ba ne.

Na daina shan ruwa. Idan mahaifiyata, Umma, ta miƙo mini, sai in kai kofin baki in ajiye. Kwana biyu ina haka, sai ɗan kunun safe, leɓena ya tsage, kaina yana sarawa. A rana ta uku Alhaji ya ga ina layi a tsakar gida, ya ɗebo ruwa da kansa ya ce, "Uwargida, zo ki sha." Na fashe da kuka na ce akwai tsutsotsi a rijiyarsa, na gan su da idona.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya sa aka kira Baffa, ya tsayar da shi a rana.

"Shekara arba'in unguwar nan tana shan ruwan nan. Da shi aka yi maka wankan jego. Yau boko ya kai ka ga zagin rijiyar ubanka?"

Baffa ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ba zagi ba ne. Masan bayan katanga ne ya yi kusa da ita, ga damina."

"Kada in ƙara jin maganar nan a gidan nan." Ya juyo gare ni. "Ke ma, idan na ji kin faɗa wa wani a waje, ni da ke ne."

Kakata, Hajiya, ita ta raba gardamar ba tare da ta ce wa kowa ya yi kuskure ba. Ta tambayi Baffa me yake kashe abubuwan, ya ce tafasawa. Ta ce, "To wuta dai ba ta Bature ba ce." Ta ware wata tukunya, kullum da safe ta tafasa ruwa ta juye a ƙaramar randa a ɗakinta, mu yara da Umma daga nan muke sha. Alhaji ya gani ya kau da kai.

Ƙawata kuwa ta ci gaba da zuwa da bokitinta. Ni ma na ci gaba da ja mata guga. Sau da yawa idan ta gaji sai ta kafa kai a bakin gugan ta sha, ruwa yana zubo mata a wuya. Maganar ta kan zo mini har baki, sai in hango Alhaji a ƙarƙashin dabino da carbinsa, in haɗiye. Sau ɗaya na ce mata ta zo ɗakin Hajiya ta sha na randa. Ta ɗanɗana ta yamutsa fuska, ta ce warin hayaƙi yake, na rijiya ya fi sanyi.

A tsakiyar damina aka yi ruwa kwana uku a jere. Ruwa ya gangaro daga duwatsu ya cika lunguna, katangu suka zube, masai da yawa suka cika suka tumbatsa. Ba a yi mako ba aka fara cewa amai da gudawa ya shigo unguwa. Da farko wani tsoho ne a bayan masallaci, sai wata mai jego. Unguwa ta yi tsit. Aka hana mu fita tsallake igiya. Cikina ko ƙugi ya yi sai in ruga wurin Umma in ce ya kama ni.

Ma'aikatan lafiya suka zo da wata farar hoda da ake zubawa a rijiya. Amma kafin su iso labari ya riga su: wai daga ƙasar da take jefa wa Musulmi bama-bamai aka kawo ta, wai maganin hana haihuwa ne. Alhaji ya tare su a zaure da sandarsa. Baffa ya ce ya san hodar, da ita suke aiki a makaranta, zai sha ruwan a gaban kowa. Alhaji ya ce, "Wanda yake kashe 'yan'uwanka da rana, shi ne zai tausaya wa rijiyarka?" Ma'aikatan suka wuce gidan gaba.

Ranar Laraba da safe ƙawata ba ta zo ɗiban ruwa ba. Da hantsi muka ji salatin mahaifiyarta ta kan katanga. Baffa ya haɗa ruwan gishiri da sukari a jug ya ruga, na bi shi ba tare da ya sani ba. Na leƙa ta labule. Tana kwance a tabarma, idanunta sun zurma, fatar yatsunta ta yamushe kamar ta tsohuwa. Jiya-jiya muka rabu tana dariya. Kitson da na taya ta tsefewa rabi ne, sauran rabin yana nan. Aka nemo mota aka tafi da ita asibiti. Kafin magariba aka dawo da ita a lulluɓe.

Na shige bayan randar Hajiya na ƙi fitowa. Ba mutuwar kaɗai nake tsoro ba. Gani nake da zarar mahaifiyarta ta kalle ni za ta gane cewa na sani, kuma da hannuna na miƙa mata gugan.

Bayan sadakar uku, Alhaji ya kira Baffa bakin rijiya. Ina ɗakin Hajiya ina jin su. Muryarsa ta yi ƙasa, kamar ba tasa ba.

"Auta, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ruwana ne?"

Baffa ya ce, "Allah ne masani, Alhaji. Ba ni da abin da zan auna in tabbatar. Amma gidajen da abin ya shiga a layin nan, duk a nan suke ɗiba."

Alhaji ya dafa bakin rijiyar ya jima yana kallon cikinta. Ya ce a je a karɓo hodar, amma kada baƙo ya taɓa masa rijiya, Baffa ne zai zuba da hannunsa. Haka aka yi. Ya kuma sa aka cike masan bayan katanga aka haƙa wani can nesa. Da kansa ya bi gidajen layin yana sallama, yana cewa a tafasa ruwa, shi ya ce. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, bai kuma fasa zagin masu yaƙin Iraƙi ba har ya bar duniya. Amma daga ranar, a randar Hajiya yake sha. Da aka janye yajin aiki Baffa zai koma Kano, Alhaji ya raka shi har tasha, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

Yanzu ni ce nake tsayawa gaban ɗalibai a jami'a, a nan Dutse, garin da a lokacin ko mafarkin jami'a ba ma yi. Unguwarmu ta samu burtsatse, yara suna shan ruwan leda. Jita-jita ce ba ta canza ba, sai dai ta bar zaure ta koma waya. Idan ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce ya ji wai allura kaza makirci ce, ba na yi masa dariya, kuma ba na barin 'yan aji su yi. Kakana ba wawa ba ne. Bama-baman da ya ji a rediyo da gaske sun faɗa kan mutane, tsoronsa yana da tushe, wurin da ya ajiye shi ne ba daidai ba. Abin da nake roƙon ɗalibaina shi ne, wanda ya san abu ya faɗa, ko da babba ne ya ce a yi shiru.

Mahaifiyar ƙawata tana nan da ranta, ta tsufa, tana sayar da daddawa a ƙofar gida. Duk lokacin da na je unguwar sai na durƙusa na gaishe ta. Ta kan riƙe hannuna ta ce, "Malama, da yanzu ƙawarki ma tana da 'ya'ya kamar naki." In ce mata haka ne, Inna, Allah ya jiƙanta. Ta ce amin, ta ƙulla mini daddawa ta ƙi karɓar komai. Shekara ashirin ke nan da ɗoriya ina shirya yadda zan gaya mata, har yau ban iya ba.