Ranar da Malam Ya Janye Maganarsa

Shekaranjiya na bi ta bakin Ƙofar Doka, wani mai sayar da abincin dabbobi ya kwance bakin buhun angurya. Na tsaya cak a gefen titi har wani mai babur ya yi mini tsawa. In ba ka san angurya ba, mai karatu, 'ya'yan auduga ne da ake cirewa in an gurje ta. Ba za ka kira abin da take fitarwa ƙamshi ba, ba kuma wari ba ne. Yana tsakanin man gyaɗa da tsohon buhu. Da shi rigar Babanmu take dawowa gida duk yarintata.

Baba yana aikin inji a wani kamfanin gurzar auduga can bayan gari. Da yamma yakan shigo da farin kaɗa a gemunsa da girarsa, Umma ta riƙa tsince masa tana mita. Gidanmu a cikin birni yake, gidan kakana, wanda kowa ke kira Malam. Shi ke karantar da manyan littattafai a zaure. Ni yarinya ce marar magana, wurin zamana bayan tulin littattafansa, kuma ba ya korata. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika.

Da Baba kuwa babu wasa, babu ma hira. Baba ɗan fari ne, don haka Malam ba ya kiran sunansa, ba ya duban fuskarsa in yana magana. Gaisuwa ce safe da yamma, Baba a durƙushe, Malam ido a kan littafi. Ban taɓa jin ya tambaye shi yadda aiki yake ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka aka tashe su.

Ma'aikatan kamfanin iri biyu ne. Akwai na dindindin masu kaki, masu albashin wata, irin su Baba. Akwai kuma leburori daga ƙauyukan bayan Kufena, masu ɗaukar dilar auduga, waɗanda ake biya kullum-kullum. Masara ta yi ta tashi a kasuwa, ladansu yana nan inda yake. A shekarar da nake ba ka labari ƙungiyar ma'aikata ta shiga yajin aiki, ta zaɓi Baba ya jagoranci masu zama da kamfani. Sun yi alkawari tsakaninsu ba wanda zai koma sai ƙarin ya game kowa.

Bazara ce mai tsanani. Katangar ɗaki takan riƙe zafi har asuba, ruwan randa ya zama kamar an ɗumama. Auduga kuwa tana tule a filin kamfani ba a gurza ba, kowa kuma ya san abin da ruwan sama zai yi mata. Aka zauna aka tashi, aka sake zama. Gwamnati ta turo mai sasantawa, ta kuma turo 'yan sanda bakin ƙofa. A gida nama ya ɓace daga miya, daga baya man ma ya ɓace. Kullum da la'asar mutane su ɗaga kai su dubi gabas.

Wata rana da hantsi, ɗalibai sun cika zaure, sai ga manajan ma'aikata na kamfanin. Motarsa ba ta shiga lungunmu, a ƙasa ya tako. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, domin shi ma a zauren nan ya yi karatu yana saurayi. Ya ajiye ƙullin goro da turare, ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, kamfani ya amince da ƙari. Ɗan'uwana, wato ɗanka, shi ne ya ƙi sa hannu. In ruwa ya sauka kan audugar nan, dukiyar bayin Allah ce za ta ruɓe."

"An ba su, kuma ya ƙi?"

"An ba su, Malam."

Malam ba ya ƙin abu kamar ɓarnar dukiya. Ko ƙwayar gero ya gani a ƙasa sai ya sa an tsince. Ya rufe littafin gabansa ya ce, "Tashi ka je. Gobe zai zo ya sa hannu. Ni na ce."

Bayan la'asar Baba ya dawo daga taron ƙungiya, ya durƙusa gaisuwa kamar kullum.

"Kai," in ji Malam, yana duban bango. "Gobe ka je ka sa hannu a abin da aka ba ku, ka koma bakin aikinka."

"Malam, akwai..."

"Na riga na ba da magana."

Baba ya ce, "To, Malam. Allah ya ƙara girma."

A cikin gida ne abin ya fashe, amma da raɗa, don kada zaure ya ji. Umma ta ce, "Ka yi masa bayani mana! Da wane ido za ka dubi mutanen nan?"

"In ce masa me? Ya yi magana a gaban ɗalibansa, ni kuma in mayar da shi abin dariya?"

Umma ta juya wurin Iya, kakata, ta roƙe ta ta je ta sa baki. Iya ta ci gaba da tsinkar zogale. "Ni in je in yi wa ɗan fari roƙo? Da wane baki, 'yar nan?"

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Wasu samari suka bi ta lungu suna ɗaga murya, "An ce shugaba ya ci goro! A sammana ko ɓari ɗaya!" Wani ya jefi ƙyauren gidanmu da ƙwallon mangwaro. Baba yana zaune a tsakar gida, tuwonsa a rufe a gabansa. Iska ta taso daga gabas, aka yi walƙiya, ruwa bai zo ba.

Da safe, ɗalibai sun fara zama, wasu dattawa uku suka yi sallama. Rigunansu sun koɗe, ƙafafunsu duk faso. Ba su shigo ba, a bakin zaure suka tsuguna.

"Lafiya, bayin Allah?" in ji Malam.

Babbansu ya yi tari mai tsawo, irin wanda auduga ke sa wa mutum, sannan ya ce, "Lafiya lau, Allah gafarta. Rakiya muka zo."

"Rakiyar wa?"

"Ɗanka. Mu leburorin kamfani ne. Yaranmu sun taru a bakin ƙofar kamfani, ransu a ɓace. Muka ce bari mu sa shi a tsakiyarmu. Ai wanda ubansa ya aika bai kamata a jefe shi ba."

"Jifa? Ba kwa murna da ƙarin da aka yi muku?"

Suka dubi juna. Ɗayan ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Ƙarin na masu kaki ne, Malam. Mu an ce ba ma'aikata ba ne. Abin da ya hana shi sa hannu ke nan. In ya sa yau, gobe a ɗebo wasu daga wani ƙauye a madadinmu."

"Kun san haka kuka zo raka shi?"

"To yaya za mu yi? Mu ma haifarmu aka yi."

Ina jin kukan kurciya a kan katanga. Sai ga Baba ya turo kekensa daga cikin gida, sanye da kaki. Malam ya ɗaga kai ya dube shi a fuska, abin da ban taɓa gani ba.

"Gaskiya suka faɗa?"

"Gaskiya ne, Malam."

"Me ya hana ka gaya mini?"

Baba ya sunkuyar da kai. Malam bai sake tambaya ba. Ya daɗe yana murza gemunsa, ɗalibai duk sun ƙura wa littattafansu ido kamar masu karatu.

"Amarya, ɗauko mini rawani da takalmi. Kai kuma jingine keken nan." Ya miƙe da ƙyar. "A gaban mutane na ba da maganar, a gaban mutane zan karɓo ta."

Malam da ke cewa babur gaggawar mutuwa ce, ranar nan a kan babur ya tafi, yana riƙe da kafaɗar yaron da ke tuƙi. Ban je ba, dattawan nan ne suka dawo suka ba da labari. Sun ce ya ƙi shiga ofis, ya ƙi kujera. A bakin ƙofa ya tsaya, gaban 'yan sanda da ma'aikata, ya sa aka kira manajan. Ya ce masa jiya ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, ya yi kuskure, ya janye.

Ruwan farko ya sauka cikin makon nan, ya jiƙa wani sashe na audugar. Kamfani ya nemi a sake zama. Aka sa leburori cikin ƙarin, ɗan kaɗan ne, amma an sa su. Da aikin shekarar ya ƙare aka kira Baba ofis aka ce ana rage ma'aikata a sashen inji. Shi kaɗai aka rage. Ya koma gyaran injin niƙa a Tukur-Tukur, mun kuma ji jiki kafin ya samu masu kawo masa aiki. Manajan bai ƙara tako zaurenmu ba. A unguwa wasu suka ce Malam ya zubar da girmansa saboda leburori. Shi dai daga ranar, duk wanda ya kawo masa ƙarar wani, ko ƙarar ɗan cikinsa ce, sai ya ce, "Je ka zo da shi."

Yanzu Malam ya rasu, kamfanin ya daɗe a rufe. Ina jami'a, kuma yajin aikin malamanmu ya sha dawo da ni gida. A waya nake ganin an zauna an tashi, kowane ɓangare da nasa bayani. Ba wanda ke ɗaukar goro ya je wurin uban wani, ƙannena kuwa har musu suke da Baba a kan ƙwallo. Kwanan baya na samu ƙarfin hali na tambaye shi, da dattawan nan ba su zo ba, da zai sa hannu?

Ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma, bai dube ni ba. Sai a lokacin na tuna ni ma 'yar fari ce.

"Da na sa mana," in ji shi. "Ubana ne. Sai dai da mun bar garin nan."