Tantabarun Hajja da Yayen Yagana

Ran Juma'a surukata za ta zo ta ɗauki 'yata Hafsa. Watan yarinyar goma sha uku, ni kuma ina da cikin wata uku. Kwanika ke nan, kalmar da mata ke rage murya su faɗa, sannan su bi cikinki da kallo. An ce nonona ya gurɓace, dole a raba mu, a kai ta Fagge har sai ta manta ni. Tun da aka sa ranar abinci ba ya shiga mini, kuma ba wadda ke faɗo mini a rai sai Hajja, kakata ta wajen uba.

A Fagge na tashi, a wani lungu da masu tura kura ke bi da dilolin atamfa. Kakanninmu daga Barno suka zo tun da daɗewa, kuma abu biyu Hajja ta riƙe gam: turaren wuta da tantabaru. Tsofaffin tukwanen ƙasa ne jere a kan katanga, kowace da mata da miji a ciki. Duk gidan an tsane su. Kashi a kan shanya, gashi a cikin randa, ga guɗa tun asuba. Ummata ke sharewa, ita ke sake wankin, amma ko tsawa ba ta isa ta yi musu ba.

Bayan magariba, in an sauke tuwo garwashi ya rage a murhu, Hajja kan jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta barbaɗa turare kaɗan, mu jikoki mu kewaye ta. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya tatsuniya. In ta yi muryar kura har sai ka matsa jikin na kusa da kai. Ni ce mai kwantar da kai a cinyarta, tana sosa mini kitso tana magana, kuma har yau ban sami wurin da ya kai nan daɗi ba.

Shekarar da nake bakwai, ƙanwata Yagana tana wata goma, Umma ta fara amai da safe. Ban san ma'anarsa ba. Wata ranar da muka taru, sai na ga Hajja ta juya kujerarta ta fuskanci ƙofar ɗakin Umma, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya tara," in ji ta. Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai wata tantabara ce ta ƙyanƙyashe 'yan shila biyu. Gashinsu bai ko fito ba, namiji ya zo yana kumbura wuya yana zagaya ta, ita kuma ta kasa haƙuri. Kurciya maƙwabciyarta ta ce mata ta jira 'ya'yanta su tashi tukuna, ta ce wa kurciya ta ji da nata gidan. Ta sake yin ƙwai. Tana kwanci tana ba na farko abinci daga maƙogwaronta, ashe abin ya zama guba. Ɗaya ya ci, cikinsa ya kumbura, ya faɗo daga tukunya, kyanwa na ƙasa tana jira. Ɗayan kuma wata tsohuwar tantabara ce ta ƙwace shi ta sa a ƙarƙashin fiffikenta, shi ya sa ya rayu.

Hajja ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Nan ta tsaya. Wadda ta tsargu ta san abin da ta shuka."

Ni kuwa tausayin ɗan shilan ya cika ni, na ce wannan tantabara muguwar uwa ce. Hajja ta yi dariya har haƙorinta na Makka ya fito.

"Ƙara faɗa, Zara. Ba a ji ki ba."

Na ƙara faɗa da ƙarfi, ina jin daɗi an yaba mini. Labulen ɗakin Umma a ɗage yake, tana zaune da Yagana a ƙirji. Sai na ga ta miƙa hannu ta sake shi.

Kafin mako ya zagayo an mayar da Yagana ɗakin Hajja. Aka shafa wa Umma maɗaci a nono, aka hana ta ko giftawa ta ƙofar, wai kada yarinya ta ji ƙanshinta. Yagana kuwa ko koko ba ta saba sha ba. Sai ɗura: a matse ta tsakanin cinyoyi, a toshe hanci, a tuttula kunu. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Umma na tsakar gida tana share kashin tantabaru, gaban rigarta a jiƙe. Daga nan sai gudawa. Ba ta cika wata ɗaya a ɗakin ba ta rasu. Ina ji Hajja na gaya wa masu gaisuwa cewa nonon ciki ne, wanda ta sha tun kafin a farga. Ni kuma na yarda, tun da na riga na ji yadda abin yake a tatsuniya. Na girma ina kallon uwata da wannan a raina.

Yanzu a Sabon Gari muke haya, ɗakin sama. Tantabaru sun yi gida a ƙarƙashin kwanon da ke kallon tagata. Mama Nkechi ta ƙasa kullum cikin jifansu take da silifa saboda shanyarta, tana zaginsu da Hausa da yarensu. Ni ma ba sonsu nake ba. Amma mai goyo da laulayi ba ta da wurin zuwa, sai na zauna ina kallonsu.

'Yan shila biyu ne, munana, duk baki. Uwa ta ba su, uba ya ba su. Sai uwar ta yi sabon ƙwai a gefe, na ce to ga shi nan. Na jira kumburin ciki, ban gani ba. Ciyarwa ba ta tsaya ba, uban ne ma ya ƙara ƙaimi. Da gashinsu ya cika suka biyo shi ƙasa, inda Mama Nkechi ke tsince shinkafa. Ya tsattsaga a gabansu, su kwaikwaya, su kuskure, su bi shi suna karkaɗa fiffike suna roƙo. Ya ba su kaɗan. Gobe ya rage. Sai da suka iya ci suka iya tashi sannan ya fara korarsu da sara, kuma korar ba ta wasa ba ce.

Tun kafin a haifi babana Hajja ke kiwon tantabaru. Kowace safiya hannunta na cikin tukwanen nan. Ta san duk abin da na gani, ta fi ni sani. A da na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce a kan uwa marar haƙuri. Yanzu na gane sanda ce aka sassaƙa don mutum ɗaya, aka ba ni na doki uwata da ita. Ina yi wa Hajja addu'a, don ta riƙe ni, amma wannan ban iya yafewa ba tukuna.

A wurin awo na tambayi malamar asibiti. Ta ce nonon mai ciki ba guba ba ne, in ci in ƙoshi, in rage wa yarinya a hankali tana koyon abinci. Na gaya wa mijina Bukar, ya ce shi ba ya shiga tsakanina da Inna, mahaifiyarsa. Na daure na faɗa wa Innar a waya.

"Mu da muka yaye tara, 'yar jiya ce za ta koya mana?" ta ce. "In wani abu ya sami jikata, ke za a tambaya." Ta kashe.

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. In Hafsa ta yi ko atishawa sai na taɓa cikinta, ina cewa ko dai su ne da gaskiya. Ban yi karatu mai nisa ba, abin da nake da shi maganar malama ce da abin da idona ya gani ta taga. Ummata kaɗai ta ce kada in ba da Hafsa sai ta iya ci da hannunta, kuma ita ma a hankali ta faɗa, kamar mai tsoron a ji.

Yau Hafsa ta ci faten dankali loma uku da kanta, sauran ta shafe a gashi. Bayan nan na ba ta nono. Inna ta aiko da jaka a zuba kayan yarinya kafin ta iso. Ban san da wane baki zan yi mata magana ba. Amma jakar tana bayan ƙofa ba komai a ciki, kuma haka za ta same ta.