Rigar da Aka Ɗinka wa Saba

A shekarun da kuɗin mai suka sake yawa, kowane ɗan kwangila a Kano yana so a ce ofishinsa ya waye, aka kira ni in haɗa saba a wani gida a Nassarawa GRA. Saba ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis suke kai ajiyarsu cikinta. Gidan tsohon gini ne mai faffaɗar baranda da itatuwan mangwaro, an mai da gabansa ofishin kamfanin gine-gine, iyali suna can sashen baya. Mai kamfanin aminin babana ne tun suna samari, Baba Alhaji nake ce masa.

Babana da kansa ya je ya roƙa mini aikin. Shi ne ya tsaya kai da fata har na karanta kwamfuta, dangi suna ta surutun cewa mace da sukudireba ba tsari ba ne, gara koyarwa. Na gama karatun na zauna a gidanmu na Kawaji ina gyara wa maƙwabta kwamfuta a kan na gode. Baba Alhaji ya ce in na haɗa sabar ta yi aiki lafiya, ni zan riƙa kula da duk kwamfutocin kamfanin. Ranar da zan fara, babana ya kai ni har bakin get a kan babur ɗinsa, ya ce, “Ki fitar da ni kunya.”

Daga Dubai Baba Alhaji ya taho da ita. Baƙa ce, a tsaye take kamar ƙaramin firji, sai da direba da maigadi suka kama kafin ta shiga ofis. Kayan cikinta kuwa kowanne da kwalinsa: faifan ajiya biyu, memori, furosesa, fankoki, da akwatin wuta. Na cire zobe da awarwaro, na ɗaure mayafina ta baya, na kwantar da ita na buɗe murfin gefe. Har yau ina tuna daɗin da na ji a wannan wuni. Na taɓa ƙarfen jikinta kafin in taɓa komai, na dasa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a hankali don ƙafafunta sirara ne kamar gashi, na shafa mata ɗan mai na ɗora ƙarfen da yake shanye zafi. Memori na danna shi har ya ce ƙas. Faifan biyu na zura su a gurbinsu, na tsara su yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya shiga ɗayan, in guda ya mutu guda ya riƙe. Wayoyin ciki na ɗaure su gefe guda don iska ta samu hanya, saboda ita wannan na'ura ta gaba take jan iska ta fitar da zafi ta baya. Na kunna, fankoki suka ɗauka, koriyar fitila ta kama. Injiniyoyin ofis suka yi mini tafi.

Daga nan rigima ta fara. Akwai wani ɗan sito mai esi a ƙarshen baranda, nan na so a ajiye ta a kulle. Baba Alhaji ya dube ni kamar na ce a kai sabuwar mota bayan gari a ɓoye.

“Sito? Abin da na ɗauko daga Dubai? A'a, 'yata. Nan kusa da teburina za ta zauna, duk wanda ya shigo ya gani.”

Na haƙura, tunda ofishin nasa ma akwai esi. Mako guda ana shigowa kallo, abokan kwangila suna shafa ta suna cewa Allah ya sa a mora.

Wata safiya na shigo na tarar da sabata sanye da riga. Wallahi riga sosai, ta karan-miski ja, da shafi a ciki, da geza mai ruwan zinari a ƙasa, da zif a baya, an bar wata 'yar kafa inda wayoyi suke fita. Hajiya, matar Baba Alhaji, ita ta aiko telanta na Badawa ya auna ta. Da ma a gidan nan komai da rigarsa: talabijin, rediyo, kujeru, har rimot yana cikin ledarsa. Na sa hannu ƙarƙashin rigar, zafi ya dake ni, fankoki suna ta ihu kamar jirgi zai tashi. Na zuge zif na tuɓe ta, na ninke rigar na ajiye a kan kujera.

“Baba,” na ce, na ɗan rusuna, “ita wannan numfashi take yi. In aka rufe ta zafi zai kashe ta.”

“Ai shi ya sa ga esi nan,” in ji shi, ko ɗago kai bai yi daga takardunsa ba.

“Sanyin ba ya shiga ta cikin rigar, Baba.”

“To, je ki gaya wa Hajiyarku. Ni ba na shiga maganar ɗinki.”

Na zagaya sashen baya na gaishe da Hajiya, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurare ni har na gama, ta sa aka kawo mini kunun aya mai sanyi, sannan ta ce, “Ke da kike mace, ai ke ya kamata ki fara tunanin rufe ta. Kaya mai tsada a bar shi haka, kowa ya zo ya dangwala masa hannu? Talabijin ɗin nan tun kina goye take cikin riga, me ya same ta?” Na ce ai talabijin ana cire mata rigar in za a kunna, kuma ana kashe ta, ita kuwa saba ba ta hutawa. Hajiya ta ce to ai wadda ba ta hutawa ita ta fi bukatar a lallaɓa ta. Na sha kunun, raina kamar ya fashe.

Haka muka shiga wasan ɓuya. In na zo in tuɓe, in na tafi a mayar. Da na ga ba ci gaba, na bi sawun telan har shagonsa na roƙe shi ya yanke gaba da baya ya sa raga. Ya ce ba zai ɓata aikin Hajiya ba, amma zai taimaka mini. Taimakon nasa shi ne ya huda wasu 'yan ƙofofi irin na maɓallin kaftani, ya zagaye kowacce da zare mai kyau. Ko ƙuda sai ya yi dabara kafin ya shiga. Hajiya ta yaba, ta ce rigar ta ƙara kyau.

Na kai wa babana ƙara ina kusan kuka. Ya ce, “Ki bi su a hankali. Manya ne, kuma alfarma suka yi mana.” Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na san aikina, na faɗa da baki ba sau ɗaya ba, amma ba ni da muryar da zan ce wa aminin ubana ka yi kuskure ya ji. Da wani baƙo ne ya faɗa masa da tsawa, da ya saurara.

Da bazara ta kama, saba ta fara ƙarar gargaɗi, wani tsit-tsit mai huda kunne. Baba Alhaji ya ce in cire mata wannan kukan yana hana shi waya. Na ce kukan zafi ne, maganinsa cire riga. Ranar na ga ransa ya ɓaci.

“'Yata, kullum kin zo sai kin tuɓe ta a gaban baƙi, Hajiya kuma tana jin haushi. Ki huta a gida. In da matsala za a kira ki.”

Bayan na daina zuwa, in ta yi kuka sai su kashe ta daga soket su sake kunnawa. In an ɗauke wuta ranar hutu ba a tayar da janareta, esi ya tsaya, ita kuma batirin ajiyar wuta da aka haɗa mata ya ci gaba da tafiyar da ita a cikin karan-miski, ɗaki a kulle. Faifai ɗaya ya mutu, jar fitila ta kama a gabanta don ta sanar. Ba wanda ya gani, fitilar tana ƙarƙashin riga.

Sai da na biyun ya bi shi aka kira ni. Na durƙusa na buɗe murfin, warin ƙonannen roba ya bugi hancina. Na gwada duk abin da na sani, faifan suna ta ƙas-ƙas kamar agogon da ya lalace. Zanen wani babban gini da injiniyoyi suka daɗe suna yi yana ciki, kuma lokacin miƙa shi ya matso. Abin da aka tsira da shi sai guntayen da suka rage a kwamfutocinsu.

Baba Alhaji bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, a gaban ma'aikatansa, “Ba komai, 'yata, kin yi iya ƙoƙarinki. Aikin ne ya yi miki nauyi.” Na nuna rigar da ke kan kujera, ya ɗaga mini hannu ya ce a bar tone-tone. Aka ɗauko wani mutum daga Legas da sabuwar saba. Na ji labari a siton nan na ƙarshen baranda ya sa ta, ya kulle ya tafi da mukulli, ba wanda ya ce masa uffan.

A gida babana bai tambaye ni yadda aka yi ba. Na yi masa bayani duk da haka, yana ta gyaɗa kai. Bayan 'yan kwanaki ya ce makarantar da ke bayan layinmu suna neman malamar kwamfuta. Na karɓa, dangi suka ce da ma sun faɗa. Har ya rasu ban san maganar wa ya gaskata ba, tawa ko ta amininsa, kuma wannan ne yake ci mini rai har yanzu.

Shekaru sun ja, Baba Alhaji ma ya rasu, na je yi wa Hajiya ta'aziyya. Ina zama a falonta idona ya faɗa kan wani abu a lungu, sanye da jan karan-miski mai geza, an ɗora masa tiren filas da kofuna. Hajiya ta ga inda nake kallo. Ta taso da ƙyar, ta sauke tiren, ta zuge zif ta ɗaga rigar. Sabata ce, baƙa wuluk tana sheƙi kamar ranar da aka fito da ita daga kwali.

“Kin gani?” in ji Hajiya, tana shafa ta. “Ko ƙwarzane babu. Da na biye miki da tuni ta tsufa.”

Na ce, “Haka ne, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba.” Sannan na taya ta mayar da rigar.