Tarin da Ya Raba Ni da Inna

A wancan lokacin ni ɗan kasuwar hatsi ne a Babura, mai surutu da son shiga mutane, ko tuwo ba ya yi mini daɗi sai da abokan ci. Tun ina saurayi na taɓa yin tarin fuka, na sha magani wata da watanni har na warke. Amma ban manta yadda jama'a suka dare mini ba, har mai shayin unguwarmu sai da ya ware mini kofi.

Shekaru suka ja, sai tari ya dawo, wata safiya na ga jini a cikin majina. Ban tambayi kowa ba, na yanke cewa tsohon ciwon ne, ni ga gwanin sani. Asibiti kuma na ƙi zuwa don kada labari ya kai kasuwa. Na koma ɗakin zaure, na ware kwanona da butata, na hana yara shigowa, ina sayen ƙwayoyi a kemis. Ina jiyo dariyarsu a tsakar gida, ni kuwa daga ni sai bango. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana Gwiwa, ta tsufa, ƙirjinta ba ƙarfi. Da can ba na daɗewa ban je gaishe ta ba, amma sai na ɗauke ƙafa don tsoron kada in shafa mata. Ta sa ƙanena ya kira ni, ta karɓi wayar ta tambaye ni ko wani laifi ta yi mini. Na danne tari na ce mata kaka ce, kasuwa ta riƙe ni. Ta sa mini albarka, ta ce ita dai fuskata take son gani. Ban je ba. Da ta kwanta ciwo ma cewa na yi sai na ɗan warware. Ranar jana'izarta can bayan sahu na tsaya, na rufe baki da hannu.

Bayan an share makoki matata ta yi ta kuka har na yarda muka je asibiti a Kazaure. Aka gwada majina, babu ƙwayar tarin fuka. Aka tura ni Kano, gwaji ya nuna ciwon daji ne a huhu, daidai tabon tsohon tarin. Likita ya ce masana suna zargin raunin da ƙwayoyin cuta ke bari a huhu yana iya buɗe wa wannan ciwo ƙofa, ko da yake ba a gama tabbatarwa ba. Tambaya ɗaya na yi masa, ko ana ɗauka. Ya ce sam, ba a ɗauka.

Yanzu ina karɓar magani, sauran kwana na Allah ne. Roƙona ga duk wanda ya taɓa yin tarin fuka, in tari ya dawo ya je a gwada shi, kada kunyar mutane ta sa ya zama likitan kansa. Ciwon ina iya jure shi. Abin da na kasa jurewa shi ne Inna ta tafi tana zaton guje mata na yi, alhali da na zauna a gefen tabarmarta har ƙarshe babu abin da zai same ta.